Vale ta raba ni da farautar "shine" da "zasu", amma maganar ƙamus ta ɓata min rai

Ban taɓa zaton manhajar da ba ta da ko maɓalli ɗaya na latsawa za ta burge ni haka ba. Vale dai manhaja ce ta duba rubutu bisa ƙa'idojin da ka gindaya mata: kyauta ce, a baƙin allon rubuta umarni take aiki, kuma rubutunka yana nan cikin kwamfutarka, ba ta aika shi ko'ina. Aikin tace fassara ne ya haɗa ni da ita. Mu da yawa muke mayar da littafin jagorar wata manhaja zuwa Hausa, kowa da irin hannunsa, ni kuma aka ɗora wa daidaita rubutun kafin a miƙa. Duk wanda ya taɓa wannan aiki ya san inda gizo ke saƙar, wato rabawa da haɗa kalmomi. Wannan ya rubuta "shine", wancan "shi ne", wani ma a sakin layi guda za ka tarar da "zasu" da "za su" suna kallon juna. Ido kan gaji har ya daina ganinsu.

Tsarin ba shi da wani tarkace. Akwai fayil guda mai suna .vale.ini inda za ka nuna mata foldar da ƙa'idojinka suke, sannan kowace ƙa'ida da nata ɗan fayil na YAML, wani tsarin rubuta saituna da na'ura ke karantawa. A wanda na fara rubutawa, layin farko ya ce irin ƙa'idar substitution ce, wato ta musanya. Na biyu saƙon da nake so ya fito, da Hausa na rubuta abina, na bar gurbi biyu da alamar %s, ɗaya na daidai ɗaya na kuskure. A ƙasa na jera su biyu-biyu: shine da shi ne, sune da su ne, zasu da za su, zamu da za mu, ya ke da yake, su ke da suke. Iyakarsa ke nan, bai cika rabin allo ba.

Da na sake ta a kan foldar fassarar gaba ɗaya, kafin in ɗauke hannu daga madannai ta gama. Allo ya cika maƙil: sunan fayil, lambar layi, gurbin da kalmar ta faɗo a layin, ga saƙona da Hausa a gefe yana cewa a rubuta kaza maimakon kaza. Har da babin da na riga na tace da idona na sa masa hannu, sai ga "zamu" a kwance cikin wani teburi. Abin da ya fi tsuma ni shi ne wanda ta ƙyale. Fayilolinmu na Markdown ne, wato zallar rubutu mai 'yan alamomin tsara shafi, cike da misalan umarnin kwamfuta da Turanci, kuma a ɗaya daga cikinsu akwai "shine" ta Turanci. Ba ta ko kalle ta ba, domin ta san bambancin zance da akwatin umarni. Wata manhaja ta saye da muka yi amfani da ita a baya, ba sai na kama suna ba, komai jan layi take zabga masa, har adireshin shafin intanet, ta kai mutum ya daina kula jan layin baki ɗaya. Ranar na tura wa abokan aiki hoton allon, wata a cikinsu ta ce ai yanzu Malam ya samu ɗan aike.

Sai kuma matakan gargaɗi guda uku, shawara da jan kunne da kuskure, waɗanda da farko na ɗauka ado ne. Ashe nan ne rabin hikimar take. "Zasu" kuskure ne ko ta ina aka duba, sai na sa masa mataki na uku, wanda idan ya fito manhajar kan fita da alamar rashin nasara, har a iya hana fayil shiga rumbun aiki sai an gyara. Amma "akan" fa? Akwai "akan yi haka" da ke haɗe, akwai "a kan tebur" da ke rabe. Haka "itace" da "ita ce". Na'ura ba za ta iya yanke wannan hukunci ba, don haka na bar su a matakin shawara: ta nuna wurin, mutum ya duba da kansa.

To, daga nan ne daɗin ya fara raguwa. Na zo rubuta ƙa'idar da za ta tabbatar ba a cakuɗa 'yan da ƴan a fayil ɗaya ba, tunda masu fassararmu wasu da rubutun Najeriya suka saba, wasu da na Nijar. YAML na ganin hamza a farkon kalma sai ya ɗauka an buɗe zancen wani ne, ya zauna jiran a rufe, fayil ya ƙi karantuwa. Dole sai an kewaye kalmar da alamar zance mai ƙwaya biyu. Wannan ya wuce, sai ƙa'idar ta yi shiru kamar babu ita, saboda ana lulluɓe kowace kalma da iyakar farko da ta ƙarshe, hamza kuwa ba a lissafa ta cikin haruffa. Sai an ƙara layin nonword an cire iyakokin. Ita kanta hamzar ba ɗaya ba ce. Akwai miƙaƙƙiya ta madannai, akwai mai lanƙwasa da manhajojin rubutu ke sauyawa da kansu, a farkon kalma ma sukan juya ta baibai, akwai kuma wadda Unicode, tsarin da ke bai wa kowane harafi lamba a kwamfuta, ya ware a matsayin harafi. A ido duk kusan ɗaya ne, a wurin na'ura kowacce da lambarta. Haka ƙ da ɗ da ɓ: duk misalin ƙa'ida da ka kwafo mai [a-z], wato haruffa daga a zuwa z, bai san da zamansu ba, sai ka cusa su da hannu, manya da ƙanana.

Duk wannan na haƙura da shi, wahala ce ta sau ɗaya. Inda raina ya ɓaci sosai shi ne duba ƙwayoyin kalma. Ƙamus ɗin da ke zuwa da ita na Turancin Amurka ne, shiryayyun kundin ƙa'idoji irin na Google da Microsoft su ma na Turanci ne. Tana karɓar ƙamus irin na Hunspell, wanda LibreOffice da Firefox ke aiki da shi, fayil biyu: .dic na jerin kalmomi da .aff na ɗafe-ɗafe. Na samo wani jerin kalmomin Hausa a intanet na ɗora, sai ga shi wanda ya tara shi bai damu da ƙugiya ba. "Ƙarfi" da "ɗalibi" aka ja musu layi, "karfi" da "dalibi" suka wuce salin-alin. Mai gadin ya koma kama masu gida yana buɗe wa ɓarayi ƙofa. Gyaransa kuma ba wasa ba ne. Ɗafi irin na gida, gidan, gidansa, ko mota, motar, motarta, ana iya rubuta masa ƙa'ida a .aff ya zauna lafiya. Jam'i kuwa ina! Gidaje, littattafai, ƙasashe, wuƙaƙe, kowanne da hanyarsa, sai dai ka jera su ɗaya bayan ɗaya. Ko an gama wannan, "kasa" da "ƙasa" duk kalmomi ne ingantattu, babu ƙamus ɗin da zai gane wanne marubuci yake nufi.

Idan matsalarka rabawa da haɗawa ce, ko tabbatar da kowa a ƙungiya ya kira abu da suna ɗaya, ka ɗauke ta yau, fayil ɗin musanya kaɗai ya biya. Ƙa'idar ƙamus kuwa na sa mata NO a .vale.ini, wato na kashe ta, har sai mun gama mayar wa jerin kalmomin ƙugiyoyinsu, kuma yadda aikin ke jan ƙafa, har yanzu muna kan harafin D.