Harajin gida na Legas: biya ba wuya, a wurin ƙiyasi ake cutuwa

Duk mai gida ko fili a Agege, Mile 12, Idi-Araba ko Obalende ya san takardar nan da ake kawowa sau ɗaya a shekara mai ɗauke da sunan Land Use Charge. Harajin ƙasa da gini ne na jihar Legas, kuma ma'aikatar kuɗi da ke Alausa a Ikeja ce ke kula da shi. Idan aka auna shi a matsayin hidimar da gwamnati ke yi wa mai biya, hanyar biyan ta yi kyau, kuɗin ma bai yi tsanani ba. Inda tsarin ke ɗingishi shi ne wajen ƙiyasta darajar gida da kuma isar da takarda hannun mai ita.

An kafa dokar a 2001, zamanin Gwamna Bola Tinubu, domin a haɗe kuɗaɗe uku da ake karɓa daban-daban: kuɗin ƙasa, harajin gida na ƙaramar hukuma, da kuɗin gyaran unguwa. Wannan haɗewar ita ce babban alherin tsarin. Tsarin mulkin 1999 ya ba ƙananan hukumomi ikon harajin gidaje, amma a Legas jiha ce ke karɓa a madadinsu, a raba daga baya. Saboda haka wanda ya biya ya riƙe rasit, ba wani ma'aikacin ƙaramar hukuma da ke da hurumin sake tambayarsa harajin gida na wannan shekarar.

A 2018 gwamnatin Akinwunmi Ambode ta sake dokar, ta ɗora lissafi kan darajar kasuwa, kuɗin ya yi tsalle, jama'a da 'yan kasuwa suka yi ca. A 2020 gwamnatin Babajide Sanwo-Olu ta mayar da kason haraji yadda yake kafin 2018, amma ta bar hanyar ƙiyasin. Ga yadda lissafin ke tafiya. A auna faɗin fili a ninka da farashin murabba'in mita a unguwar. A auna faɗin gini a ninka da farashin gini, a rage tsufansa. A haɗa biyun, a yafe kashi 40 cikin 100, sannan a ɗora haraji kan abin da ya rage. Kason da gyaran 2020 ya tsayar shi ne kashi 0.0394 cikin 100 ga gidan da mai shi kaɗai ke zaune ciki, 0.132 ga wanda mai gida ke zaune tare da 'yan haya, sai 0.394 ga gidan haya zalla ko wurin kasuwanci.

A ɗauki gidan da aka ƙiyasta naira miliyan 50. Bayan yafiyar, miliyan 30 za a yi wa haraji. Idan mai gida ne da iyalinsa kawai, naira 11,820 ce a shekara. Idan ya saka 'yan haya a ɗakunan baya yana zaune a gaba, 39,600. Idan ya tattara ya koma Kano ko Sakkwato ya bar gidan gaba ɗaya a hannun 'yan haya, 118,200. Gida ɗaya, bulo ɗaya, amma ninki goma tsakanin na farko da na ƙarshe. Shi ya sa abin da ya kamata ido ya fara sauka a kai a takardar shi ne layin da aka rubuta rukunin gidan, kafin ma a kalli adadin kuɗin.

A nan kuskure ya fi shiga, kuma mutanenmu ya fi cin su. Irin gidajen nan masu dogon lungu, ɗakuna na kallon juna, da shaguna biyu ko uku a bakin titi, mai ƙidaya yakan tsaya daga waje, ya ga shagon hatsi da na tela, ya rubuta wurin kasuwanci, alhali alhaji da iyalinsa suna ciki. Wani lokaci kuma faɗin filin ne ba a auna daidai ba, ko sunan wanda ya sayar da gidan tun shekaru ne ke kan takardar. Doka ta ba da damar ƙorafi, har da kotun ɗaukaka ƙara ta musamman kan ƙiyasi, sai dai akwai wa'adi. A rubuta ƙorafi da wuri, a haɗa taswirar safiyo, takardar mallaka da hotunan gidan ciki da waje, a kuma karɓi kwafin da aka buga wa hatimin shaidar karɓa. Ƙorafin baki ba ya sauya komai a rajista.

Wajen rangwame an kyauta. Mai biya da wuri yana samun ragin kashi 15, wato 118,200 ɗin nan ta koma 100,470. Ɗan fansho da ke zaune a gidansa an yafe masa baki ɗaya, kuma gyaran 2020 ya shigar da waɗanda suka yi ritaya daga kamfanoni masu zaman kansu. Masallatai, coci-coci da maƙabartun da ba na kasuwanci ba ba sa biya, amma kwamitin masallaci ya sani cewa shagunan haya da aka jera a jikin katanga ba su shiga yafiyar ba. Kuma yafiyar ɗan fansho ba ta zuwa da kanta, sai an nema da shaida.

Tara tana hawa ne mataki-mataki: kashi 10 idan an wuce kwana 45, kashi 20 bayan kwana 75, kashi 50 bayan kwana 105. Matsalar ita ce kwanakin suna tafiya ne tun daga kawo takarda, ita kuwa takardar sau da yawa a jikin ƙofa ake manna ta. Ruwan Legas ya jiƙa ta, ɗan haya ya ga ba sunansa ba ne ya wuce, mai gida yana arewa bai san an kawo ba. Wanda ba ya zaune a gidansa ya ajiye lambar gidan da ke kan tsohuwar takarda, ya riƙa duba bashinsa ta intanet tun farkon shekara. Biyan kansa ba ya ɗaukar lokaci, ko a banki ko ta waya, muddin da lambar da ke kan takardar aka biya. Kada a ba kowa tsabar kuɗi a hannu.

Ta fuskar gwamnati, matsin kuɗi a fili yake. Kasafin 2025 ya haura naira tiriliyan 3.3, mafi ƙarancin albashi a jihar ya koma naira 85,000 a ƙarshen 2024, kuma mafi yawan kuɗin shigar cikin gida daga harajin albashin ma'aikata yake fitowa. Duk lokacin da aka zauna cike giɓi, hankali zai koma kan gidaje. Abin da ya faru a 2018 ya nuna cewa ɗaga kaso kan waɗanda suka riga suka shiga rajista rigima yake jawowa. A ganina kuɗin da za a fi cin moriyarsu su ne waɗanda aka kashe wajen ɗaukar ƙwararrun masu ƙiyasi da masu ƙidaya, su shiga cikin gida su duba maimakon tsayuwa a bakin titi, su sa sabbin unguwannin Ikorodu da Ibeju-Lekki cikin rajista, a kuma riƙa tura takarda ta saƙon waya zuwa lambar mai gida.