Sushi a Ginza: ka je da rana, ka bar musu dare

Ni ɗan Yawuri ne, kuma gidanmu gidan masunta ne tun kaka da kakanni. Na tashi ina ganin giwan ruwa da ragon ruwa da karfasa ana sauke su daga kwalekwale, amma ban taɓa ganin wanda ya kai ɗanyen kifi baki ba. A wurinmu kifi sai ya ga wuta, ko a banda shi, ko a soya, ko a jefa shi a miya. Karatun harkar kifi ne ya kawo ni Tokyo, kuma sai da na yi shekara guda a nan kafin na yarda na zauna a gidan sushi na gaske, wato inda ake cin dunƙulen shinkafa da aka ɗora wa yankan kifi, galibi ɗanye. Yanzu sau biyu ke nan ina cin abinci a gida ɗaya da ke unguwar Ginza, sau ɗaya da dare, sau ɗaya da rana. Bambancin kuɗin da na gani tsakanin zuwan biyu shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Gidan yana ƙarƙashin ƙasa ne a wani tsohon bene, tafiyar 'yan mintuna daga tashar jirgin ƙasa ta Shimbashi. Kujeru takwas ne kacal, duk a jere gaban kanta ɗaya ta farin katakon hinoki wanda ba a shafa masa fenti ba, sai dai a goge shi kullum har ya yi santsi. Maigidan dattijo ne, ana kiransa Taisho kamar yadda ake kiran masu irin waɗannan gidaje, da yaro ɗaya a bayansa mai kawo shinkafa da shayi.

Zuwan farko malamina ne ya kai ni, shi ya biya. Da dare ba a ba ka zaɓi. Tsari ɗaya ne, omakase, ma'ana na bar maka wuƙa da nama, abin da Taisho ya ga dama shi zai ajiye maka. Kuɗinsa yen 33,000, a ɗora kashi 10 cikin 100 na hidima, ya tashi 36,300 kan mutum ɗaya, ban da abin sha. Ɗalibin digiri na uku da ke kan tallafin gwamnatin Japan yana karɓar yen 145,000 a wata, to ka ga kwata guda na kuɗin wata ke nan a zama ɗaya. Abincin ya yi daɗi, ba ni da ta cewa. Amma na lura da wani abu: kusan awa guda ta farko duk ta tafi ne a kan ƙananan faranti da suke kira otsumami, ɗan gasasshen kifi nan, ɗan hantar kifi can, yawancinsu da gishiri sosai. An yi su ne don su raka giyar shinkafa, kuma mutanen da ke gefena haka suke yi, loma ɗaya kurɓi ɗaya. Ni da ba na sha, sai na ji kamar an ba ni miya ba tuwo. Biyu daga cikin farantan ma sai da na bar su, domin da giya aka dafa su. Sai daga baya aka shiga sushin kansa, loma goma sha biyu.

Da na ga takardar abincin rana a bakin ƙofa muna fita, sai na yi niyyar dawowa da kuɗina. A watan Nuwamba na dawo tare da maiɗakina.

Da rana zaɓi uku ne, kuma harajin saye na kashi 10 yana cikin farashin, babu kuɗin hidima. Ƙarami yen 8,800, loma goma da miya. Matsakaici yen 13,200, loma goma sha uku. Babba yen 19,800, shi ne matsakaicin da aka ƙara wa otsumami uku, don haka ban ko kalle shi ba. Na ɗaukar mata ƙaramin, ni na ɗauki matsakaicin, don mu kwatanta.

Ga abin da ya kamata a sani: hannun da ya dunƙula na dare shi ne ya dunƙula na rana, shinkafar ɗaya ce, kifin ma daga saye ɗaya ne na asuba a kasuwar Toyosu, wadda ta gaji tsohuwar kasuwar Tsukiji a watan Oktoba na 2018. Ba wani ragowa ake tura wa masu cin rana ba. Abin da aka rage shi ne kayan rakiyar giya da tsawon zama.

Tun a waya, lokacin kama kujera, na gaya musu mu Musulmi ne, kuma wannan shi ne matakin da bai kamata kowa ya tsallake ba. Kifin ba shi ne matsala ba, a mazhabarmu ta Malikiyya abin da ke cikin teku halal ne. Matsalar tana cikin abin da ake shafawa. A irin waɗannan gidaje ba a ba ka ruwan waken soya ka tsoma da kanka, Taisho ne ke shafa wani haɗi da ake kira nikiri, wanda akan dafa da giyar shinkafa da mirin, wata giyar shinkafa mai zaƙi ta girki. Haka kuma anago, wani kifi mai kama da maciji, a cikin irin wannan ruwan ake dafa shi. Na roƙi a ba mu namu da gishiri da lemon tsami, ya ce babu damuwa tunda an gaya masa da wuri, ya kuma musanya mana anago da wani kifin. Shinkafarsa da jan ruwan khal da gishiri kawai yake haɗa ta, na tambaya. Shi wannan khal ɗin daga dusar giyar shinkafa ake yin sa, kuma abin da na karanta shi ne giya idan ta rikiɗe ta koma khal ta tsarkaka. A kan haka na tsaya, wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya tambayi malaminsa kafin ya je.

Wani sharaɗi kuma da ya shafe mu kai tsaye: ba a shiga da ƙamshin turare mai ƙarfi, don yana dushe ƙamshin kifi ga na kusa da kai. Maiɗakina ta ji nauyin wannan ƙwarai. Ta ce, "Haba Malam, mace ta fita unguwa ba humra ba turaren wuta?" Amma ta haƙura, ta zaɓi mayafin da bai sha hayaƙi ba.

Lomar farko hirame ce, farin kifi da aka kwantar tsakanin ganyen teku har ya ɗauki ɗanɗanonsa. Taisho ya goga saiwar wasabi mai yaji a kan wani ɗan allo mai fatar kifin shak, ya ɗebo shinkafa da hannun dama, ya juya ta sau uku ko huɗu a tafin hagu, ya ajiye a gabanta. Ta ɗauka da yatsu, domin cin sushi da hannu ba abin kunya ba ne a nan, kuma hakan ya kwantar mata da hankali. Shinkafar ba sanyi gare ta ba, ɗuminta kamar ɗumin jiki, kuma da ta shiga baki sai ta warwatse da kanta. Abin da maiɗakina ta fi tsoro shi ne ƙarni. Ta tauna, ta dube ni, ta ce, "Wallahi babu."

Inda na fi tsayawa shi ne kohada. Ɗan ƙaramin kifi ne mai fata kamar azurfa da ɗigo-ɗigon baƙi, kuma a kasuwa ba shi da wata daraja idan aka kwatanta da kifin tuna. Amma ɗanyensa ba ya ciyuwa sai an sarrafa shi: a fere shi, a barbaɗa gishiri, a wanke, a jiƙa a khal, a bar shi ya kwana. Yawan gishirin da tsawon jiƙon sun danganta da girman kifin da kitsensa na wannan ranar. Ni da na taso ina ganin iyayenmu mata suna duba kifi a kan banda su san wanda ya isa juyawa ba tare da agogo ba, nan take na gane irin wannan ilimin ne. Na Taisho ya fito da tsami daidai, gishiri daidai, naman bai bushe ba, kitsen yana biyo baya a hankali. A nan ne kuɗinka yake, a aikin hannun da ba a gani. Asalin sushin Tokyo ma haka ya faro. A wajajen shekarun 1820, lokacin garin yana amsa sunan Edo, abincin tsaye ne na bakin hanya, kuma ana danganta yaɗuwarsa ga wani mai suna Hanaya Yohei. Babu firji a lokacin, sai gishiri da khal da dafuwa. Kuma kohada tana cikin ƙaramin tsari na yen 8,800, ba sai ka haura sama ba.

Abubuwa uku ne suka raba farantina da nata: otoro, uni da kuruma ebi. Yen 4,400 ke nan a kan loma uku.

Otoro shi ne tumbin tuna mai kitse, wanda kowa ke ɗauka hoto. Tsadarsa ba ƙarya ba ce. A gwanjon farko na Janairun 2019 a Toyosu, Kiyoshi Kimura mai gidajen Sushizanmai ya sayi tuna ɗaya mai kilo 278 daga garin Oma na arewacin Japan a kan yen miliyan 333.6. Wannan farashin talla ne na sabuwar shekara, amma ko a ranar da ba biki babban tuna ba arha ba ne. Sai dai a bakina, otoro kitse ne ya narke ya wuce. Mutanen Edo ma ba sa ganinsa da gashi a da, jan naman suka fi so. Ƙaramin tsarin yana da jan naman, akami, yana kuma da chutoro mai matsakaicin kitse, kuma su biyun sun fi shi ɗanɗanon kifi. Uni, wato naman cikin wata halittar teku mai ƙayoyi, na tsibirin Hokkaido ne, kuma mai kyau ne, zaƙi-zaƙi da laushi kamar man shanu, amma ba kowane sabon baki zai karɓe shi ba. Maiɗakina ko kallonsa ba ta so yi ba.

Kuruma ebi kuwa, a nan na sallama. Babban jatan lande ne da ake dafawa a lokacin, a ɓare shi da zafinsa a gabanka, a raba shi biyu saboda girma. Zaƙinsa ya sa ta ce ita ma tana so. Na tambayi farashi kafin na ce a kawo, domin ƙarin loma a irin waɗannan gidaje bisa farashin kasuwar ranar ake yi, ba a rubuce yake ba. Yen 1,650. Shawarata ke nan ga duk mai zuwa: ka ɗauki ƙaramin tsari, ka ƙara ebi ɗaya, ka tashi a yen 10,450. Bai kai kashi ɗaya cikin uku na kuɗin dare ba, kuma duk lomar da ke nuna gwanintar gidan ka ci ta.

Akwai abin da bai yi min daɗi ba. Da muka zauna yaron ya tambayi abin da za mu sha, muka ce shayin oolong mai sanyi, ashe kowane kofi yen 880 ne, alhali koren shayi mai zafi kyauta ake zuba shi har ka tashi. Babu wanda ya gaya mana. Da lokacin biya ya yi kuma, 'yar takarda aka miƙo min da lamba ɗaya a rubuce da hannu, 25,410, babu bayanin komai. Na san tsohuwar al'adar gidajen sushi ce, amma wanda ya biya wannan kuɗi ya cancanci ya ga lissafinsa. Sai da na tambaya aka warware min, kuma ya fito daidai. Kama kujera ma da Japananci kawai ake yi ta waya, kuma wanda ya fasa zuwa a ranar zai biya kuɗin abincin gaba ɗaya.

Loma goma ba za ta cika cikin Bahaushe ba, wannan gaskiya ce. Bayan loma ta uku na roƙi Taisho ya ƙara min girman shinkafa, ya gyaɗa kai ya ƙara, bai ɗora ko yen ɗaya ba. Zaman duka bai wuce minti hamsin ba, mun fito da sauran lokacin Azahar.

Muna hawa matakala Taisho ya biyo mu har ƙofa, ya ce idan sanyi ya kankama a Janairu kifin buri zai yi kitse, mu dawo. Maiɗakina ta riga ta ce ƙaramin tsari za mu ɗauka mu biyu, da ebi bibbiyu, da koren shayi.