Fasawod ɗaya ga ofis duka: abin da na gani bayan wata uku

Wata uku kenan da na haɗa manhajar ajiyar tsofaffin imel da takardun ofis ɗinmu nan Accra da Microsoft Entra ID, tsarin Microsoft mai tantance mai shiga akawunt, wanda da ake ce ma Azure AD kafin a canza sunan a 2023, kuma gaskiya na ji daɗin abin. Da can kowa fasawod biyu yake riƙewa, na imel daban na ma'ajiya daban, har Hajiya mai kula da lissafi ta rubuta nata a 'yar takarda ta manna ƙarƙashin kibod, wallahi ranar da na gani hankalina ya tashi, don bayanan kwastomomi na shekaru ne a ciki, ga dokar kare bayanai ta 2012, Act 843, a wuyanmu.

Ta SAML 2.0 na bi, wato hanyar da Entra ke tura wa manhaja shaidar cewa ta tantance mai shiga. Ka kwafo Entity ID da Reply URL, wato sunan shaidar manhajar da adireshin da za a turo mata amsa, daga manhajar ka zuba a Entra, ka sauke satifiket, wato fayil ɗin da ke tabbatar da cewa shaidar daga Entra take, ka loda a manhajar, ko awa ɗaya bai ci ba.

Agogo ne ya ba ni wuya. Duk wanda ya sa fasawod sai a koro shi waje, manhajar kuma ba ta faɗin dalili, "an kasa shiga" kawai, a nan kam masu ita sun gaza. Ina ta dube-dube har aka kira isha'i ban kama hanyar unguwar Nima ba, ashe tun wani dumsor, wato ɗauke wuta, agogon sabarmu ya makara da minti goma da wani abu, ita kuwa shaidar da Entra ke turowa tana da lokacin farawa da na ƙarewa, in agogo ya saɓa ba a karɓarta. Ina haɗa sabar da NTP, tsarin da ke daidaita agogo ta intanet, ƙofa ta buɗe.

Washegari Hajiya ta ce, "Ɗana, yanzu in yaga takardar nan?" Na ce yaga ta Hajiya, lamba za ta riƙa zuwa a wayarki.

Abin da ya fi kwantar min da rai, da wani ya bar aiki watan jiya wuri ɗaya na rufe akawunt ɗinsa, imel da ma'ajiya suka kulle tare. Amma don Allah in za ku yi, ku bar akawunt ɗaya na admin da bai bi ta Entra ba saboda ranar da intanet zai yanke. Satifiket ɗin ma shekara uku yake yi, na sa ranar ƙarewarsa a kalandata da ta maigida.