Garin masa harina: ya kai kwaɓin kakannin Meziko?

A unguwannin 'yan Meziko na Amurka, irin su Pilsen a Chicago da Boyle Heights a Los Angeles, kakar da ta baro ƙauyensu ta baro dutsen niƙanta, metate, a can. Abin da ya maye mata gurbinsa shi ne garin leda da ake kira masa harina. Kada sunan ya ruɗe ku da masarmu ta tanda. A Sifaniyanci "masa" kwaɓi ne kawai. Na gwada garin a tortilla (siririyar wainar masara mai faɗi da ake gasawa a kasko) da tamal (kwaɓin masara da ake naɗewa a turara, kamar alale), ga abin da na gani.

Ba garin tuwon masara ba ne. Kafin a niƙa, ana dafa masarar da hodar cal, wadda ake samu daga ƙonannen dutse: kimanin giram 10 ga kilo ɗaya, ta kwana a ruwan, a wanke, a surfe ɓawon. Wannan ne ke sa kwaɓin ya kama jikinsa, yana kuma fito da sinadarin niacin da ke kare mutum daga cutar pellagra. Garinmu na tuwo ba zai yi ba, wargajewa zai yi a hannu.

A tortilla ya yi kyau ƙwarai. Kofi 2 na gari, kofi ɗaya da rabi na ruwa mai ɗumi, ɗan gishiri, a rufe minti 20. A cura kamar girman ƙwan zabo, a danne tsakanin leda biyu. Idan gefen ya tsattsage, ruwa ya yi kaɗan. Idan ya manne wa leda, ya yi yawa. Kaskon ya yi zafi sosai, babu mai: daƙiƙa 30, a juya, minti ɗaya, a sake juyawa. Bayan juyi na biyun take kumbura. Wadda ta ƙi kumbura, ko ta yi kauri ko an bar fuskar farko ta bushe.

A tamal ne na ga gazawarsa. Ƙamshin masarar da aka niƙa da safe babu shi, kuma mai laushin da ake yi don tortilla yana fitar da tamal mai nauyi. A nemi mai ɗan tsaki-tsaki da aka rubuta na tamal ne. Girkin asali da kitsen alade ake yi, to Musulmi ya sa man shanu, ya buga shi har ya yi fari kafin ya zuba gari da romon kaza. Gwajin kakanni bai taɓa ƙarya ba: a jefa ɗan kwaɓi a ruwan sanyi, in ya taso ya yi. A jiƙa busasshen ɓawon da ke lulluɓe goyon masara ya yi laushi, a shafa, a naɗe, a turara awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Kakanni suna jefa kwabo a ƙasan tukunya. In ya daina ƙara, ruwa ya ƙone.

Darajarsa a wurina ita ce tamalada, zaman da dangi ke yi a Disamba, kaka na ɗanɗana kwaɓi, jikoki na shafawa a ɓawo. Da babu wannan garin, da yawancin gidajen da ke ci-rani sun daina zaman. Zan ci gaba da saye don tortilla. Don tamal kuwa, in akwai ɗanyen kwaɓi a kusa, shi zan ɗauka.