Ofishin da ya warware mana fanshon kamfanoni biyu

Ni da ƙanena muna da gidan abinci a Bronx, a birnin New York na Amurka, da wani ɗan kamfanin jigilar kaya, kowanne rabi da rabi. Mun so buɗe wa direbobi asusun ritaya na 401(k), mu bar 'yan kicin zuwa gaba. Da wannan niyyar muka je ofishin wata akanta a unguwarmu.

Ba ta ɓata lokaci ba. Ta ce a idon hukumar haraji ta IRS ma'aikatanmu duk na gida ɗaya ne: idan mutum biyar ko ƙasa da haka suka riƙe aƙalla kashi 80 na kowanne cikin kamfanonin biyu, kuma abin da suka yi tarayya a kai ya haura kashi 50, haɗe su ake yi wajen lissafi. Mai wanke kwanukanmu, tunda ya kai shekara 21 ya kuma yi awa 1,000 a shekara, dole a ƙirga da shi a lissafin asusun ritayar. Raina bai so ba, amma gaskiya ta faɗa.

Kuɗinta da tsada, kuma kiran waya sai ka yi sau uku. Duk da haka na tura mata surukina.