'Yar rediyon Littafi Mai Tsarki da na sayo wa Mama a Sabon Gari

Wata uku kenan da na sayo wa Mama 'yar rediyon nan mai memori, wadda aka zuba Littafi Mai Tsarki na Hausa a ciki tun daga Farawa har Wahayin Yahaya, shi ne na ce bari in faɗi yadda muka same ta saboda masu tsofaffi a gida. Yanar ido ce ta raba Mama da karatu, ga ta 'yar Wusasa gaba da baya, kullum sai ta tuna mana cewa tun 1932, zamanin Likita Miller, ɗan mishan da ya yi aikin fassarar, muke da Littafin cikakke da harshenmu, amma yau ita ko aya ɗaya ba ta iya gani. Abin yana cin ta sosai.

A wani ƙaramin shagon littattafan coci na sami rediyon a Sabon Gari, mai shagon mutumin kirki ne gaskiya, sai da ya kunna min na saurara kafin ya karɓi ko sisi. Ba ta wuce tafin hannu ba, akwai sola a bayanta, akwai tocila, kuma muryar mai karatun a natse take, Hausa tsantsa ba gargada.

Abin da ya sa nake wannan rubutun ma shi ne, bara an ɗauke ɗan ƙanin Mama a hanya, sai da aka sayar da gona aka haɗa kuɗin fansa kafin ya dawo, tun lokacin in aka ce "fansa" ko a wa'azi ne sai ka ga jikinta ya yi sanyi. Rannan da yamma tana tsince shinkafa a faranti, rediyon na kan tabarma kusa da ƙafarta, aka zo Markus 10:45 inda Yesu ya ce ya zo ne ya ba da ransa fansa domin mutane da yawa. Ta ajiye farantin ta ce "Auta, maido min wurin nan." Na maido har sau uku. Daga nan na nemo mata 1 Bitrus sura 1, inda aka ce ba da azurfa ko zinariya aka fanshe mu ba, da jinin Almasihu ne. Ta daɗe shiru sannan ta ce, mu gona muka sayar muka karɓo yaro ɗaya, Shi kuwa kansa ya bayar. Ni ma sai da na share hawaye. Yanzu littafin Fitowa take bi, ta kai inda Isra'ilawa suka haye Bahar Maliya, kuma ta sa na yi mata alkawarin Rut da Bo'aza in ta gama.

Matsalar rediyon dai madannan sun yi ƙanana, rubutun kansu kuma da Turanci, neman sura aiki ne, dole sai da jika a kusa. In ka ƙure murya sifikar tana kwarkwar. Solar kuma a damina sai a hankali, gara ka haɗa ta da caja in an kawo wuta, caji ɗaya yana kai mata kwana biyu.

Duk da haka zan sake saye, har 'yan zumuntar mata biyu sun aiko a sayo musu. In za ku saya ku sa a kunna muku a shagon, ku tabbata har da Tsohon Alkawari a ciki, don wasu Sabon Alkawari kaɗai ake sa musu.