Masu auna ƙasa kafin a haƙa burtsatse, yadda na ga aikinsu

Gaskiya duk mai shirin haƙa rijiyar burtsatse ya fara kiran masu auna ƙasa tukunna, na kira su kuma aikin ya burge ni sai dai akwai inda suka gaza. Sun zo da na'ura da doguwar waya, suka kakkafa ƙarafa a jere suna tura lantarki cikin ƙasa, inda ruwa ya jiƙa yashi ko tsagar dutse wutar na wucewa da sauƙi, busasshen dutse kuma sai ta turje. Amma fa injiniyan da bakinsa ya ce min laka ma wutar na wuce ta da sauƙi kamar wurin da ke da ruwa, dole sai an haɗa da sanin irin ƙasar wurin, na'urar hasashe take bayarwa mai ƙarfi kawai. Wannan maganar tasa ce ma ta sa na yarda da shi wallahi.

Mutane na ɗauka ko'ina aka tona sai ruwa, alhali ruwan daɗi a duniya bai kai kashi 3 cikin 100 ba, kusan kashi 30 na wannan ɗin ne ke ƙarƙashin ƙasa, shi ma ruwan sama ne ke cika shi a hankali.

Rahotonsu ne ya ɓata min rai, zane-zane birjik ba bayani, kuma ko uffan ba su ce ba kan gwajin zuƙar ruwa bayan an haƙa, wanda shi ke nuna ko rijiyar za ta jure rani. Ka tambaye su wannan tun kafin ka biya.